Ga 'yar uwar da sugarta ta ƙi sauka duk da magani

Sannu 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Na karanta tambayarki: wata huɗu kina shan metformin, maganin ciwon suga, amma in kin auna sugar jininki da safe sai ki ga 190 ko 200 (a ma'aunin mg/dL), ga jikinki garau, har kina tunanin ajiye maganin. Don Allah kar ki ajiye. Shekarata tara da ciwon nan, hanyar da kike kai na bi ta.

Wannan "jikina garau" shi ya yaudare ni shekara biyu cur. Suga tana hawa mutum bai ji komai ba, alhali tana cin jijiyoyin ƙafa da ido da ƙoda a ɓoye. Ni ban farga ba sai da tafin ƙafata ya fara yi min tsam-tsam da dare, kamar ana tsira min allura.

Abin da ya juya min al'amari ɗan littafi ne. Likita ta ce in riƙa rubuta awona kafin cin abinci da kuma awa biyu bayan ci, in rubuta abin da na ci a gefe. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin ci, ƙasa da 180 bayan awa biyu. Sati biyu kacal littafin ya nuna min inda gizo ke saƙa. Na daina sa sukari a shayi, ina ganin na gama komai, ashe abincin dare ne: faranti shaƙe da sitaci, wato irin su tuwo da shinkafa, ina gamawa sai gado. Sitaci kuwa sukari yake komawa a jini, ko da babu zaƙi a baki.

Ban daina ci ba, raba farantin na yi. Rabi ganye, kwata kifi ko ƙwai ko wake, kwata sitaci. Sai tafiyar minti goma sha biyar bayan ci, ko a tsakar gida ne. Ranar farko da na auna bayan tafiyar, sai da na sake aunawa don ban yarda da idona ba. Tsoka in tana aiki ita ke zuƙe sukarin daga jini, shi ya sa ake so a haɗa minti 150 na motsa jiki a sati.

Awon safe yana da nasa dalili, domin wajen asuba hanta tana sako sukari cikin jini ko ba ki ci komai ba. In kin gyara ci da motsi bai sauka ba, ba gazawarki ba ce, maganin ne ke neman a ƙara ko a haɗa da wani, kuma aikin likita ne wannan. Ki roƙi gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda sugarki ta kasance cikin wata biyu zuwa uku; ƙasa da kashi 7 ake nema ga yawancinmu.

In an ƙara miki allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, ki ajiye alewa a jaka, domin suna iya saukar da suga fiye da kima. Da kin ji rawar jiki da gumi, awo ya yi ƙasa da 70, ki sha abu mai zaƙi, ki sake aunawa bayan minti 15.

Ƙafa kuma ki duba ta kullum kafin ki kwanta, har tsakanin yatsu. Littafin ki fara yau, ki tafi da shi ranar ganin likita.