Amsa ga ɗana a kan Janar Guro da zagin mamaci

Ɗana, saƙonka ya iso, mun gode Allah da kana lafiya. Ka ce kun bi ta wani dandali a Paris mai sunan Janar Guro, abokinka ya tsaya yana ɗura masa ashar, kai kuwa ka yi gum saboda a gida an hana ka zagin mamaci. Kana tambaya ko al'adar nan ta haɗa har da irinsa.

Fara sanin mutumin tukuna. An haifi Henri Guro, janar na sojan Faransa, a Paris a 1867, ya yi makarantar hafsoshi ta San-Sir. Yana kyaftin ya kama Samori Ture, sarkin Mandinka da ya daɗe yana yaƙar Faransawa, a Gelemu, cikin ƙasar Kodebuwa ta yau, a Satumba 1898. Ba a fagen fama ba fa, shammatar Samori aka yi a sansaninsa, aka kai shi Gabon, can ya rasu a 1900. Wannan kamun ne ya ɗaga sunan Guro. Da aka turo shi ƙasarmu Damagaram ta riga ta faɗi: an ci mu a Tirmini a 1899, an kashe Sarki Amadu Kuran Daga. Ba shi ya kayar da mu ba, amma yana cikin waɗanda suka zo suka ƙara ɗaurin, har sunan Zinder ya sa a kan ɗaya daga littattafansa. Daga nan Cadi, Muritaniya, Maroko. A 1915 ya rasa hannun dama a yaƙin Dardanel na ƙasar Turkiyya, bai ajiye kaki ba. A 1920 sojojinsa suka murƙushe na Sarki Faisal na Siriya a Maisalun suka shiga Dimashƙ, Guro kuma ya shelanta kafa Labanan. Ya mutu a 1946.

To, batun al'ada. Malamanmu sun karantar da mu kada a zagi matattu, don sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Amma zagi daban, ba da labari daban. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki kayan Nasara a ka zamanin aikin tilas, har gashin tsakar kansa ya ƙare. In yana ba mu labari da dare a zaure, ba ya rage komai: wanda aka yi wa bulala, raƙuman da aka ƙwace, geron da aka kwashe daga rumbu. In ya zo kan sunan Bature sai ya ɗan dakata, ya gyara goron bakinsa, ya ce "Allah ya isa" sau ɗaya tak, ya wuce. Ban taɓa jin ya ambaci uwar kowa ba. Kuma wallahi mun fi jin zafin wannan dakatawar da a ce ya kwana yana ashar.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu fakewa da al'ada su ce a bar tone-tone. Wannan ba kunya ba ce, tsoro ne, ko ragonci.

Shirun da ka yi bai zama laifi ba, sai dai ka bar abokinka hannu wofi. In kun sake bi ta wurin, tambaye shi ko ya san Gelemu. In bai sani ba, ku nemi benci ku zauna. Innarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.

Baffanka