Yaya za a gane ko farin jinin Call of Duty yana raguwa?

Ka tambayi yadda za ka auna ra'ayin jama'a da na 'yan jarida kan Call of Duty, jerin wasannin bidiyo na yaƙi, tun fitowarsa a 2003. Da farko raba abu uku: makin masu sharhi, surutun 'yan wasa, da ciniki. Ba sa tafiya tare.

Fara da Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi bisa 100, amma ka riƙe nau'in na'ura ɗaya, domin makin kwamfuta kan bambanta da na na'urorin wasa irin su Xbox da PlayStation. A cikin jerin, Modern Warfare na 2007 ya samu 94 a Xbox 360, shi kuwa Modern Warfare III na 2023 ya tsaya a 56 a PlayStation 5, saboda gajartar labarinsa da tsofaffin taswirori da aka maido.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne surutun intanet. Bidiyon tallar Infinite Warfare a 2016 ya tara ƙuri'un ƙi sama da miliyan 3 a YouTube, don an gaji da yaƙin sararin samaniya, amma shi ne wasan da aka fi saya a Amurka a shekarar. Masu fushi sun fi masu jin daɗi yawan rubutu. Kuma tun Nuwamba 2021 YouTube ya ɓoye wannan adadi, ba za ka iya kwatanta da da yanzu ba.

A lura da giɓin alƙaluman Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet: wasannin 2018 zuwa 2021 a wani shagon, Battle.net, suka fara fita. Ciniki ma ya rikice daga 2024, da Black Ops 6 ya shiga Game Pass, tsarin Microsoft na biyan kuɗin wata don buga wasanni, ranar fitowarsa, bayan Microsoft ya sayi Activision Blizzard, kamfanin da ke da wasan, a 2023. A ganina, ka auna ra'ayi wata uku bayan fitowa, ba makon farko ba.