Tambayoyin Masu Karatu: Ɗaukar Hoton Tsofaffin Gine-ginen Karkara a Cikin Ruwa da Sanyi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato, kuma na ƙudiri aniyar tattara hotunan tsofaffin gine-ginen ƙasa da suka rage a ƙauyukanmu, irin su zauruka da masallatai da rumbuna da guntayen ganuwa, domin in riƙa nuna wa ɗalibaina. Matsalar ita ce ba na samun sarari sai a dogon hutu, shi kuwa yana faɗawa ne a tsakiyar damina. Abokaina sun ce in haƙura sai rani, wai ruwa zai lalata mini kyamara, kuma hoto ba ya kyau idan babu rana. Shin in jira, ko akwai dabara?
Daga wani malamin tarihi, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka jira rani, domin damina ce lokacin da ginin ƙasa ya fi bayyana kansa. Ranar bazara ta Sakkwato, wadda zafinta kan haura digiri 40, tana saukowa tsaye a kan bango ta mayar da shi fari fat, bakin zaure kuma ya koma baƙin rami da ba a ganin komai a cikinsa. Gajimare kuwa yana baza haske ko'ina daidai wa daida, don haka kyamara takan iya kama bangon waje da ɗaurin gugan da ke cikin zaure a hoto ɗaya. Ga shi kuma jar ƙasa idan ta sha ruwa launinta yakan nuna sosai, har a ga sawun yatsun maginin da ya yi yaɓen, a ga inda aka yi sabon faci da inda tsohon makuba yake riƙe da ƙarfinsa.

Akwai dalilin da ya fi wannan nauyi ga mai koyar da tarihi. Kusan duk hikimar maginanmu ta tafi ne wajen kare gini daga ruwa. Saboda ruwa ake dafe soro da laso, ake shafe bango da makuban da aka samo daga ɗorawa, ake ɗora rumbun ƙasa a kan duwatsu a kifa masa jinka, ake kuma fitar da indararo nesa da bango don kada abin da ya zubo ya ci gindinsa. Wanda ya ɗauki indararo a watan Maris ya ɗauki wani abu ne kawai da ya leƙo daga saman soro, amma wanda ya ɗauke shi a watan Agusta yana kwarara ya nuna wa ɗalibi aikin da aka yi shi dominsa. Sannan a cikin markar Agusta ne mafi yawan waɗannan gine-gine suke faɗuwa, musamman waɗanda aka daina yi wa yaɓe shekara-shekara, kuma da wuya a mayar da su sai da bulo da kwano. Zauren da ka ce za ka dawo masa da rani, mai yiwuwa ka tarar da tulin ƙasa.

Ba lalle ne ka tsaya cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya ba. Lokacin yayyafi yana da kyau, haka nan ɗan tsakanin da ruwa ya ɗauke kafin bango ya fara bushewa, lokacin da kududdufin ƙofar gida yake ɗauke da inuwar zankwaye. Amma a ganina babu kamar la'asar ɗin da hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin alhali rana ba ta rufe a yamma ba, domin a lokacin hasken yakan bugi fuskar ginin ya mayar da ita ja wur, baƙin hadarin kuma ya tsaya a bayansa. Ka tsaya da rana a bayanka ko a gefenka, ka yi sauri, ka kuma rufe kyamara da zarar iskar gaban hadari ta taso, saboda ƙurar da take ɗaukowa ta fi ruwan illa.

Dangane da saiti, saurin ƙiftawar kyamara shi ne ke yanke yadda ruwa zai fito. Idan ka sa 1/500 na daƙiƙa za ka tsayar da ɗigon da ke faɗowa daga indararo ɗaya bayan ɗaya, idan kuma ka sauko zuwa 1/30 ko 1/15 zai zama farin zare mai tsawo, sai dai a nan dole ka ɗora kyamarar a kan abin girkawa mai ƙafa uku don kada hannu ya girgiza ta. Ruwan sama ba ya fitowa a hoto idan farin gajimare ne a bayansa, saboda haka ka nemi wuri mai duhu kamar bakin zaure ko inuwar tsamiya ya zama bayansa. Ka riƙe buɗewar gilashi a wajen f/8 domin ginin ya fito tar daga gaba zuwa baya, kuma kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 idan gari ya yi duhu. Gilashin kashe ƙyalli, wanda ake sayarwa da sunan CPL, yana rage walƙiyar jiƙaƙƙen bango da ganye, ko da yake yana cin haske. Ka ja da baya ka riƙe kyamara a miƙe maimakon ka ɗaga bakinta sama, in ba haka ba bangayen za su fito kamar suna shirin kifewa. Tun da tarihi kake son adanawa, ka zagaya ginin ka ɗauke shi ta kowace fuska, sannan ka matso ka ɗauki azara da kyaure da gindin bango inda fantsamar ruwa ta tone yaɓe har tubali ya fito, kuma a ranar ka rubuta sunan garin da kwanan wata da abin da dattawa suka faɗa maka game da wanda ya gina shi.

Kare kyamara ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Farar leda da aka huda wa bakin gilashi aka ɗaure da roba ta isa, tare da hular gilashi da ƙyalle mai laushi da yaron da zai riƙe maka lema. Idan ka koma gida kada ka kulle ta a jaka da danshinta, domin raɓa takan haifar da fumfuna a cikin gilashi, gyaransa kuwa yana da wuya. Ranka ya fi kyamara, don haka kada ka tsaya a fili da abin girkawa mai ƙafafun ƙarfe ko a gindin bishiya tilo idan ana tsawa, kuma kada ka jingina da jiƙaƙƙen bango balle ka hau soron da ya sha ruwa.

Wuraren zuwa suna da yawa kusa da kai. Akwai Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya dawo Sakkwato a 1815, da Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837. Surame, birnin Kanta na Kabi na ƙarni na 16, ya bambanta da saura domin da duwatsu aka yi ganuwarsa, shi ya sa ba ta narke ba, kuma jiƙaƙƙen dutse a cikin koren ciyawa abin ɗauka ne, sai dai ciyawar takan rufe wasu sassa idan damina ta yi nisa. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana gabashin jihar, inda matsalar tsaro ta yi tsanani, don haka ba na ba ka shawarar kama wannan hanya sai mutanen wurin sun tabbatar maka da lafiyarta. Duk inda ka sauka ka fara da gaisuwa wurin uban ƙasa ko hakimi, ka bayyana manufarka, ka nemi izinin mai gida, kada ka juya kyamara zuwa cikin gida inda iyali suke, kuma a hubbare ka bi abin da masu kula da wurin suka ce. Yana da kyau ka wanke hoton ka mayar wa masu ginin, ka kuma kai wani kwafin Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar Sakkwato ce, ina karatu a birnin Lids na ƙasar Ingila. A ƙauyukan yankin Yokshaya akwai tsofaffin ɗakunan dutse a tsakiyar gonaki, na je na ɗauki hotonsu ranar da dusar ƙanƙara ta sauka domin in aika wa iyayena. Amma dusar ta fito toka-toka, batir ya mutu da wuri, da na shiga ɗaki kuma gilashin kyamarar ya yi gumi. Ina kuskuren yake?
Daga wata ɗaliba, Lids.

AMSA: Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Waɗannan ɗakuna na dutse manoma ne suka gina mafi yawansu a ƙarni na 18 da na 19 domin ajiye shanu a ƙasa da busasshiyar ciyawa a sama lokacin sanyi, saboda haka a cikin dusar ƙanƙara ne hotonsu yake faɗar gaskiyar abin da aka yi su dominsa. Tokar da kika gani daga ma'aunin hasken kyamara take. An tsara shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ke gabansa matsakaicin haske gare shi, don haka idan ya ga fari ya cika fili sai ya rage hasken. Ki nemi maɓallin da ke da alamar +/- ki ƙara zuwa +1, wani lokaci har +2, sannan ki duba kada farin ya ƙone har a rasa sawun ƙafa da tudu da kwarin da ke cikinsa. Dusar da ke cikin inuwa takan yi shuɗi-shuɗi, wanda ake gyarawa cikin sauƙi a kwamfuta idan da tsarin RAW aka ɗauka, wato wanda ke ajiye hoton ɗanye kafin kyamara ta sarrafa shi.

Sanyi yana rage ƙarfin batir, don haka ki riƙe na biyu a aljihun ciki inda ɗumin jiki yake, wanda ya mutu ma yakan ɗan farfaɗo idan ya ji ɗumi. Gumin gilashi kuwa tururin ɗaki ne yake kwanciya a kan abu mai sanyi. Tun kina waje ki saka kyamarar a leda ki ɗaure bakinta, ki bar ta kamar awa ɗaya a ɗaki kafin ki buɗe. Ki tuna cewa a watan Disamba rana tana faɗuwa a can kafin ƙarfe huɗu na yamma, amma da yake ba ta hawa sama sosai, haskenta yana zuwa ne daga gefe kusan yini guda, abin da ke fito da jerin duwatsun bango ɗaya bayan ɗaya. Ki ɗauki hoton nesa tukuna kafin ki matsa, don kada sawunki ya ɓata filin, ki kuma tsaya a kan hanyoyin ƙafa da aka yi wa alama, domin gonakin suna da masu su.

TAMBAYA: Malam, ni waya kawai gare ni, kuma da hunturu nake zuwa ƙauyenmu. Hazo yana sa hotunan rumbunan kakana su fito a dushe. Me zan yi?
Daga wani matashi, Boɗinga.

AMSA: Samari, waya ta isa wannan aiki. Hazo ƙura ce a cikin iska, kuma gwargwadon nisanka da rumbu gwargwadon ƙurar da ke tsakaninku, saboda haka ka taka da ƙafarka ka matsa kusa maimakon ka jawo hoton da yatsa. Ka rage sararin sama a cikin hoton tunda fari ne kawai, ka taɓa jikin rumbun a kan allon waya domin ta auna haske daga gare shi, sannan ka ɗan rage hasken. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa daga gefe, kuma ka hure ƙurar gilashin kafin ka goge shi da ƙyalle mai laushi, domin gefen riga yana karce shi. Ka roƙi kakanka ya tsaya kusa da rumbun, ta haka mai kallo zai gane girmansa, ka kuma tambaye shi dami nawa yake ci da wanda ya gina shi, ka rubuta tare da hoton.