Me Ya Sa Ƙarfina Ke Ƙarewa a Zagaye na Uku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Zariya, shekarata 26. Wata shida ke nan ina zuwa ɗaga ƙarfe bayan la'asar. Idan na kwanta a benci da kilo 60, zagayen farko sau 8 nake ɗagawa, na biyu sau 5, na uku da ƙyar nake kai 3, hannuna na rawa. Abokaina sun ce kada in bari jiki ya huce, shi ya sa hutuna ba ya wuce daƙiƙa 30. Ko abinci ne bai ishe ni ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da har kana iya sau 8 a farko, ban ga laifin tuwonka ba. Matsalar tana cikin daƙiƙa 30 ɗin nan.

A cikin tsoka akwai wani ɗan tanadi na gaggawa da masana ke kira fosfokiratin. Da shi kake cicciɓar abu mai nauyi, amma ba shi da yawa: idan mutum ya saki iyakar ƙarfinsa, cikin kusan daƙiƙa 10 ya cinye mafi yawansa. Ka ɗauke shi kamar tulu a bakin famfo mai tsiyaya. Rabinsa kan dawo cikin kusan daƙiƙa 30, amma kafin ya kusa cika sai an yi minti 3 zuwa 5. To kai kullum da rabin tulu kake komawa benci. Ga kuma raɗaɗin nan da ke taruwa a ƙirji da damtse, shi ma bai gama washewa ba ka sake ɗora masa. Daga 8 zuwa 5 zuwa 3, lissafin ya fito daidai.

Maganar abokanka na daɗe ina jin ta, kuma tana damuna, domin tana sa matasa su wahala a banza. Jikin da ya ɗumama ba ya hucewa cikin minti 3, balle a zafin Zariya na watan Afrilu. A 2016 wani masani a Amurka, Brad Schoenfeld, da abokan aikinsa sun raba samari masu ɗaga ƙarfe gida biyu na tsawon mako 8: wasu na hutun minti 1, wasu minti 3. Masu minti 3 ne suka fi samun ƙarfi, tsokarsu ma ta fi kauri, mai yiwuwa saboda suna iya kammala aikin da ake so a kowane zagaye.

Hutu nauyi yake bi. Kilo 60 a wurinka babban kaya ne, don haka ka ba shi minti 2 zuwa 3. Ran da ka ƙara nauyi har ba ka iya wuce sau 5, ko kana tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ka kai minti 3 zuwa 5. Ƙananan ƙarafan damtse da kake ɗagawa sau 15 kuwa, minti 1 ya wadatar. Ka sa agogon wayarka, kada ka yi kintace. Idan ku uku ne a benci ɗaya kuna karɓa-karɓa, ka ga hutun ya samu da kansa, kuma ga mai tsaya maka a kai, wanda ban yarda ka kwanta ƙarƙashin ƙarfe babu shi ba.

Wani abin kuma: ina zargin kana matse kanka a zagayen farko har sai hannu ya ƙi. Ka tsaya a 7, ka bar ɗaya a ajiye. Idan aiki na jiranka a shago kuma babu lokacin dogon hutu, sauko zuwa kilo 50.

Ƙirjin da ka ba wuya ranar Litinin, kada ka koma masa sai Laraba, wato awa 48. Tsamin jiki a rana ta biyu ba abin tsoro ba ne. Amma idan tsoka ta kumbura, ciwo ya yi tsanani, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ka tafi asibiti a ranar, domin ƙoda na iya taɓuwa.

Ka gwada mako biyu, kana rubuta adadin kowane zagaye a takarda, sannan ka turo mini in gani. Allah ya ƙara lafiya.