Re: Tsutsa a cikin tarwada, a ci ko a zubar?

Hajiya, kin ce kin yanka tarwada kin tarar da wasu farare siri-siri kamar zare sun nannaɗe a cikin. Kada ki zubar da kifinki don Allah, yadda kifi ya yi tsadar nan.

Wadda kika gani ɗin ƴan zagaye ce, masana suna ce musu nematod, jikinsu sumul ba gaɓa. Akwai kuma mai faɗi gaɓa-gaɓa kamar tef ɗin tela, dangin tsila ke nan, ita a hanji take zama, ko baki ba ta da shi, ta jikinta take tsotsar abinci. Sai mai kamar ganye, in kin taɓa leƙa abbatuwa kin ga hantar saniya da likita ya ƙwace to yawanci ita ce, kuma ƴar uwarta ce ke yin ɗigo-ɗigo rawaya a naman karfasa, daga dodon koɗi take shiga kifi, zalɓe ya haɗiye kifin ta ƙarasa girma a maƙogwaronsa. Shi ya sa kifin dam irin na Tiga ya fi na gidan gona ɗauka.

Ki fitar da kayan cikin duka ki wanke kifin, ya dahu har ciki, zafin digiri 63 ma yana kashe su balle tafasar farfesu. Amma kayan cikin kar a jefa wa kyanwa ɗanye.