Shin Mita Mai Basira Tana Rage Shan Wutar Lantarki?

Tambaya: Malam, ana cewa sabuwar mita mai basira tana rage shan wutar lantarki. Ta yaya na'urar da aikinta awo ne kawai za ta yi hakan?

Amsa: Malam mai tambaya, ka yi gaskiya, mitar da kanta ba ta rage komai; amfaninta yana cikin bayanan da take bayarwa. Tsohuwar mita sai an zo an karanta ta, wannan kuwa tana auna wutar da aka sha duk bayan minti 15 ko 30, ta aika wa kamfani, shi ma mai gida ya ga yawan wutar da yake sha da lokacin da ya fi shan ta.

A ganina, babbar ribar tana kan layin wutar ne. Idan yawan wutar da ke gudana a cikin waya ya ninka sau biyu, abin da ke salwanta ta hanyar zafi yakan ninka sau huɗu, shi ya sa asara ta fi yawa da maraice, lokacin da kowa ya kunna kayansa. Da taimakon mitar, kamfani yana iya sauƙaƙa farashi a sa'o'in da buƙata ta ragu, jama'a su mayar da guga da dumama ruwa zuwa lokacin, a rage tayar da injinan ko-ta-kwana masu shan mai da yawa. Haka kuma akan gano inda wuta ta yanke nan take.

Italiya ta yi gaba a wannan fanni, domin kamfanin wutar lantarki na ƙasar, Enel, ya fara girka irin waɗannan mitoci tun 2001.