Wa zai tsaya wa Baba a ɗakin kulawa ta musamman?

'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin yi tambaya kan wanda zai wakilce shi tunda an kwantar da shi a asibitin koyarwa na Gombe, ba ya iya magana.

Ba lallai sai babban ɗa ba. Ku zaɓi mutum ɗaya da ya san ra'ayinsa, wayarsa a kunne dare da rana, a rubuta lambarsa a fayil. Shi zai sa hannu in za a yi tiyata ko ƙarin jini. In kowa na tare likita, labari kan rabu uku kafin ya isa gida.

Sai batun kunya. Inna ba za ta kama sunan mijinta ba, sai dai "Alhaji", alhali Alhazai na iya kai uku a ɗakin. Wakili ya riƙa faɗin cikakken suna da lambar kati.